Daga Singa Zuwa Zariya: Aikin da ke Jiran Matasan Masana Nukiliya



Kafin ƙarfe goma na safe Kasuwar Singa ta riga ta cika ta batse. Tireloli na sauke buhunan sukari da fulawa da shinkafa, 'yan dako na sungumar kaya suna sauri zuwa sito, masu kura da masu baro na kutsawa tsakanin adaidaita-sahu, ga fatake daga Maraɗi da Damagaram da Maiduguri suna ƙirga katan-katan na taliya da madara da sabulu. Kasuwa ce ta sari da ke zaune tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma abin da aka saya a cikinta yau, kafin mako ya zagayo ya shiga tukunyar wani gida a Daura ko Agadas. Wanda ya tsaya a nan ya ce zai yi zancen kimiyyar nukiliya, za a zaci ɓatan hanya ya yi, domin a kunnen yawancin jama'a nukiliya bam ce, ko kuwa taƙaddamar Iran da Amurka da ake ji a labaran duniya.

Amma iskar da ɗan dako ke shaƙa daga safe zuwa magariba, da ruwan da ɗan ga-ruwa ke turowa a jarkoki, da kwatar da ke kwashe dattin kasuwa ta nufi kogin Jakara, duk tambayoyi ne da wannan kimiyya ta iya amsawa. Kayan aikin amsa su kuma ba a Turai kaɗai suke ba. Wasu suna Zariya, tafiyar da ba ta wuce awa biyu zuwa uku a mota ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matasan da za su ɗebi tambayar daga kasuwa su kai ta ɗakin bincike, su kuma dawo wa jama'a da amsa cikin harshen da suke ji.

Dangantakar wannan yanki da nukiliya ta fara ne da fargaba. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, kowa na tambayar me ƙurar za ta sauke a gonaki da rijiyoyi. Da Faransa ta sake gwaji na uku a ƙarshen wannan shekara, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961. A 1964 aka kafa sashen sa ido kan tiririn nukiliya a Jami'ar Ibadan, kuma a shekarar ce Nijeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, mai hedikwata a Viyana. Kenan aikin nukiliya na farko da aka yi a ƙasar nan aikin muhalli ne: auna abin da ke cikin iska da ƙasa da ruwa.

Shekara 40 bayan haka, a watan Fabrairun 2004, aka kunna tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, kuma ƙarama ce ƙwarai: zafin da take fitarwa bai wuce kilowat 30 da ɗan wani abu ba, ba ta kuma ba ko gida ɗaya wutar lantarki. A 2018 aka cire mata yuraniyam mai ƙarfi da aka zo da ita da shi, aka mayar da shi Sin, aka sa mata mai sauƙi wanda ba a iya yin makami da shi. Aikinta na yau da kullum awo ne.

Ga yadda awon ke gudana. Ɗalibi zai ɗebo laka daga bakin kwata, ko ganyen alayyafo, ko ƙurar da ta taru a kan rufin shago. Zai busar, ya niƙe, ya auna ɗan abin da bai kai rabin giram ba, ya ƙulle a 'yar robar da ba ta wuce kan yatsa ba. Iska ce ke cilla robar ta cikin bututu zuwa cikin tukunyar, inda ƙananan ƙwayoyin da ake kira niyutron za su yi ta dukanta na 'yan mintoci ko awowi. Da an fito da ita, kowane sinadarin da ke ciki zai riƙa fitar da tiriri irin nasa na kansa, wanda na'ura ke karantawa kamar yadda ɗan kasuwar Singa ke gane buhun kowane kamfani daga tambarinsa tun yana kan mota. A zama ɗaya ana iya gano sinadarai wajen 30, har waɗanda yawansu bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba: kuromiyam, asenik, zink, kobalt da sauransu. Dalma ce dai ba ta amsa wannan kira sosai, ita sai an bi ta wata hanyar, wadda za mu zo kanta.

To, me za a kai wa wannan tukunya daga Kano?

A fara da Jakara. Kogin ya ratso tsohon birni, ya bi ta gefen Fagge da Sabon Gari yana kwasar ruwan wanka da na wanki da na kwatocin kasuwanni da mayanka, sannan ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su zarce tare zuwa madatsar Wasai ta ƙaramar hukumar Minjibir. A bakin wannan ruwa, daga Kwakwaci har zuwa gaba, manoman rani ke shuka latas da kabeji da alayyafo da albasa, waɗanda washegari ke kan faranti a gidajen birni. A kudancin gari kuma kogin Chalawa na karɓar nasa kason daga Sharaɗa da rukunin masana'antun Chalawa, inda kamfanonin jima ke amfani da gishirin kuromiyam wajen gyaran fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuromiyam a ruwan sha kada ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya, dalma kuma 0.01. Waɗannan manoma ba masu laifi ba ne. Mutane ne masu neman halal da ruwan da suka samu a kusa, kuma su ne na farko da ke tsoma hannu da ƙafa a cikinsa kullum.

An yi rubuce-rubuce da dama a jami'o'inmu kan ƙarafan da ke cikin ruwan Jakara da ganyayen bakinsa, kuma wanda ya bi kundayen zai ga yawancinsu sun tsaya a wuri ɗaya: an auna, an samu, ya haura ƙa'ida, a ɗauki mataki. Maimaita wannan ba zai ƙara wa kowa komai ba. Tambayar da ta fi amfani yanzu ita ce daga ina kowane datti ya fito, kuma wa ke da kaso nawa. A nan ne hanyoyin nukiliya suka yi wa sauran zarra. Sinadarin naitirojin, alal misali, yana da nau'i mai nauyi da marar nauyi, kuma gwargwadon cakuɗuwarsu a takin zamani daban ne da na bayan gida da kashin dabbobi. Idan aka samu naitiret ya yi yawa a rijiyar wani gida a Fagge, wannan awo zai nuna ko daga masai ya tsiyayo ko daga taki. Lakar ƙasan madatsar Wasai ita ma tana ajiye tarihi hawa-hawa. Burbushin siziyam-137 da gwaje-gwajen bama-bamai suka watsa a duniya ya fi sauka a 1963, don haka inda aka same shi da yawa a cikin lakar, an san shekarar wannan hawa. Daga nan sai a ƙirga sama, a ga lokacin da kuromiyam ya fara ƙaruwa, da ko yana raguwa ko hauhawa yake yi. Wannan aikin digirin digirgir ne sukutum, kuma yana nan yana jiran mai yi.

Sai iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Singa da azahar ya san hayaƙin tirela da na janareta da ƙurar fulawa da ake shaƙa. Idan hunturu ya shigo kuma hazo ya ƙaru a kai. Mafi yawan wannan hazo daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi da iska ke kwasa. Tun a 1980 wani malamin nazarin ƙasa, Grant McTainsh, ya wallafa awon da ya yi na ƙurar hunturu da ke sauka a Kano da kewaye. Abin da ɗan dako yake buƙatar sani a yau ya wuce yawan ƙurar. Cikin abin da ke shiga ƙirjinsa, nawa ne na hamada wanda ba mai iya hana shi, nawa ne na dizal, nawa ne na ƙona shara da tayoyi? Ana ɗaura 'yar na'ura mai zuƙar iska ta cikin tace na awa 24, a kai tacen ɗakin bincike. Ƙurar hamada na zuwa da alminiyam da silikon da ƙarfe, hayaƙin mai da ƙonannen shara kuma da nasu alamomin. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife akwai na'urar cilla ƙwayoyin zarra da aka yi irin wannan aiki da ita kan iskar Legas. Da sakamako irin wannan ne hukuma za ta san ko hana manyan motoci shigowa da rana ne zai fi amfani, ko haɗa shaguna a kan wutar rana don a kashe janaretoci.

Akwai kuma gobara, wadda Singa ta sha fama da ita a shekarun nan, Allah ya kiyaye na gaba, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Bayan an kashe wuta ana lissafin kuɗin da aka rasa, amma tokar robobi da ledoji da batura da sabulai da ruwan 'yan kwana-kwana ya wanke, kwata take bi. Sinadarai irin su antimoni da buromin da ake sa wa wasu robobi na cikin waɗanda tukunyar Zariya ke ganowa da sauƙi. Ɗalibin da ya ɗebi toka da laka a makon gobara, ya sake ɗiba bayan wata uku da bayan damina, zai gaya mana inda suka tafi.

Batun da ya fi kowanne nauyi shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwan famfo daga Tamburawa da Chalawa ba ya isar birnin, shi ya sa kusan kowane layi a Sabon Gari da Fagge ke da rijiyar burtsatse, kuma kowace shekara masu haƙa na ƙara nisa kafin su tarar da ruwa. Yawancin birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa. Shin damina na mayar da abin da ake zuƙa? Ruwa da kansa yana ɗauke da amsar. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu nauyi da marasa nauyi, kuma ruwan da ya daɗe a kududdufi ko madatsa yana shan rana, marasa nauyin ne ke fara tashi, sai ya bambanta da ruwan saman da ya nutse kai tsaye. Sinadarin tiritiyam, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, yana nuna ruwan da ya shiga ƙasa a zamaninmu. Kabon-14, mai shekara 5,730 kafin ya rabe, yana ƙirga dubban shekaru.

Da waɗannan hanyoyi ne Farfesa Ibrahim Baba Goni na Jami'ar Maiduguri da abokan aikinsa na Ingila suka nuna cewa ruwan da ke can ƙasa sosai a yankin Tafkin Chadi ya kai kimanin shekara 20,000 da sauka, a zamanin da yanayin Sahel ya sha bamban da na yanzu. Ruwa irin wannan idan aka kwashe shi, damina ɗaya ko goma ba ta mayar da shi. Daga 2012 zuwa 2017 IAEA ta haɗa ƙasashe 13 na Sahel, har da Nijeriya da Nijar, aka tara samfurin ruwa kusan 2,000 daga manyan ma'adanan ruwa biyar, ciki har da na Iullemeden da ya shimfiɗu daga Tawa da Dosso zuwa Sakkwato da Kebbi. An tarar da ruwa mai yawa mai kyau, an kuma ga wuraren da ƙazanta ta fara shiga. Kashi na gaba na aikin ya ɗauki nauyin ɗaliban digirin digirgir daga ƙasashen yankin, suna karatu a gida suna zuwa waje yin awo. Kano kanta ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a shekarun 1960 tana cikin garuruwan duniya da ake tara ruwan samansu wata-wata ana aunawa.

Wanda ke shakkar ko irin wannan ilimi na ceton rai, ya tuna Zamfara. A farkon 2010 Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ashe cike yake da dalma, kuma yara sama da 400 suka rasu. Na'urar da ta nuna inda gubar take 'yar ƙarama ce da ake riƙewa a hannu, tana haska ƙasa da hasken hoton ƙashi, ta karanta abin da ƙasar ta mayar cikin ƙasa da minti ɗaya. A wasu tsakar gidaje an samu dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin 400 ce. Da ita aka bi gida-gida, aka kankare saman ƙasa aka zuba sabuwa, aka sake aunawa kafin a mayar da yaran da aka yi wa magani. A 2013 aka yi wa Bagega wannan aiki, a 2015 kuma irin masifar ta ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Masu gyaran batura da masu narka ƙarafa da ke cikin unguwannin Kano suna aiki da dalmar nan kullum, da almajirai da yara a gefensu. Matashi ɗaya da ya iya riƙe wannan na'ura, ya kuma iya fassara abin da ta ce, zai iya zagaye unguwa guda cikin mako.

Har kayan da ke cikin sito suna da rabonsu. Awon nau'o'in kabon na tona asirin zumar da aka cakuɗa da sukarin rake, kuma sinadaran da shinkafa ta zuƙa daga ƙasa na iya nuna yankin da aka noma ta. A Sheda, kusa da Abuja, akwai cibiyar haska amfanin gona da tiririn gama don kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba, abin da ya kamata a tuna duk lokacin da aka ambaci haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari.

Yanzu sai hanyar shiga, domin iyaye da ɗalibai da ke saurare ita suke son ji. Matakin farko digiri ne a fiziks, ko kimiyyar sinadarai, ko nazarin duwatsu da ƙasa, ko injiniyanci, ko aikin gona, kuma ana samun waɗannan a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba sai mutum ya karanta nukiliya tun daga aji ɗaya ba. Masanin ruwa ko na ƙasar noma da ya koyi hanyar awon yana da daraja daidai da masanin fiziks ɗin da ke kula da tukunya. A matakin digiri na biyu da na uku, CERT na karɓar samfura da ɗalibai daga jami'o'i daban-daban, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya kuma, wadda dokarta ta fito a 1976 ta fara aiki sosai a 2006, tana da cibiyoyi a Zariya da Ife da Maiduguri da Fatakwal da Owerri da Sheda. A Nijar akwai Cibiyar Nazarin Aisotof ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga kuma aiki jibge a Arlit da Akokan, inda kamfanin Cominak ya rufe a watan Maris na 2021 ya bar tulin tarkacen yuraniyam da za a daɗe ana sa wa ido. Haka tsoffin ramukan kuza na Jos.

A waje kuma ƙofofin sun fi yadda ake zato yawa. IAEA na ɗaukar ɗalibai su yi aikin koyo na wata uku zuwa shekara guda a Viyana, ko a ɗakunan bincikenta na Seibersdorf, ko na nazarin teku da ke Monako. Tana kuma tura ma'aikatan jami'o'i da hukumomi horo a wasu ƙasashe, amma wannan ta hannun ofishin hukumar nukiliya ta ƙasa ake bi, don haka dole sashen da mutum yake ya zama yana cikin wani aiki da aka amince da shi. A Triyeste ta Italiya akwai cibiyar ICTP da Farfesa Abdus Salam, ɗan Pakistan mai lambar Nobel, ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe masu tasowa. Tana da kwas na shekara ɗaya bayan digiri na farko, tana da kuma tsarin da ɗalibin digirin digirgir zai ci gaba da rajista a jami'arsa ta gida, ya riƙa zuwa can na wasu watanni kowace shekara. Wannan tsari ya fi dacewa da mu, don tambayar tana nan gida, mai binciken ma bai yanke cibiya da gida ba. Kusa da mu kuma, Jami'ar Gana na da makarantar nazarin nukiliya a Kwabenya, gefen Akara, wadda ke karɓar ɗaliban Afirka tun 2006.

'Yan mata na da ƙofa tasu ta musamman. A 2020 IAEA ta buɗe tallafi da sunan Marie Curie ga mata masu son yin digiri na biyu a kowane fanni da ya shafi nukiliya, har da muhalli da ruwa da noma. Ana biyan kuɗin makaranta da na zama, sannan a ba mace damar aikin koyo na kusan shekara. A 2023 aka ƙara wani shiri da sunan Lise Meitner ga waɗanda suka riga suka fara aiki. Kowace shekara ake buɗe neman, kuma ya kamata a ce malaman sassan kimiyya na Kano da Katsina da Zariya suna zaunar da ɗalibansu mata masu ƙwazo su cike takardun tare. A bincike irin na rijiyoyin cikin gida, mace ce ke shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

Ba za a ɓoye wahalar ba. Na'urar karanta tiriri na buƙatar wutar da ba ta yankewa da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, kuma idan wani ɓangare ya lalace sai an jira shi daga waje. Na'urorin awon nau'o'in naitirojin da iskar oksijin ba su da yawa a Afirka ta Yamma, sau da dama sai an aika samfur wata ƙasa. Ɗalibin digiri na biyu yakan biya kuɗin mota da na kwalabe da na awo daga aljihunsa, shi ya sa mai niyyar ɗibar samfur 60 yake ƙarewa da 10, sakamakon kuma ya yi rauni. Asusun TETFund na tallafa wa malaman da ke da gurbi a manyan makarantun gwamnati, amma wanda ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba yana wajen wannan layi. Guraben aiki ma ƙidayayyu ne: hukumar nukiliya, da hukumar NNRA mai sa ido kan tiriri, da NESREA, da NAFDAC, da asibitocin gashin cutar daji irin na Shika da Sakkwato, da kamfanonin mai, da hukumomin ruwa. Saboda haka ne wasu da suka fita karatu ba sa dawowa.

Iyaye kuma sukan ji tsoron tiririn, har a ce zai hana haihuwa. Mai aiki a irin waɗannan wurare yana rataye da 'yar alamar da ke ƙirga abin da jikinsa ya sha, akwai iyakar da doka ta sa, akwai hukumar da ke dubawa. Yawancin aikin muhalli ma a bakin rijiya da gona da gaban kwamfuta ake yinsa, kuma nau'o'in oksijin da naitirojin da ake aunawa a ruwa ba sa fitar da tiriri ko kaɗan.

Giɓin da ya rage na ƙananan kuɗi ne, kuma a nan ne maganar ta dawo kan 'yan kasuwa. Attajiran Kano ba baƙin kyauta ba ne. Sun gina masallatai da makarantun Islamiyya, sun haƙa rijiyoyi, suna ciyarwa da azumi, suna biya wa marayu kuɗin makaranta. Abin da ba a saba da shi ba shi ne a ce ga kuɗi, je ka auna mana ruwan rijiyar da muka haƙa, ko iskar da yaranmu na shago ke shaƙa. Alhali mai sito shi ne ke biyan kuɗin asibiti idan yaronsa ya kwanta da ciwon ƙirji, kuma iyalinsa ne ke cin latas ɗin bakin Jakara.

Don haka kiran yau ga shugabannin Kasuwar Singa da manyan dilolinta ne: ku zauna da Jami'ar Bayero da cibiyar Zariya, ku ware abin da zai ɗauki nauyin binciken ɗalibai ko da biyar a shekara, maza da mata, bisa sharaɗi biyu. Tambayar ta fito daga kasuwa da unguwannin da ke kewaye da ita, sakamakon kuma a zo a karanta shi da Hausa a gaban 'yan kasuwa da 'yan dako da manoman bakin kogi, kafin a kai shi kowace mujalla. Ku kuma ɗalibai da ke ajin ƙarshe ko kuke shirin digiri na biyu, kada ku jira a kira ku. Ku je wurin shugaban sashenku da tambaya ɗaya takamaimiya, ku nemi wasiƙar da za ta kai ku CERT, ku duba shafukan IAEA da ICTP tun kafin lokacin nema ya zo, ku gyara Turancinku na rubutu da lissafin ƙididdiga, domin da su ake tantancewa.